Ranar da Baffa Ya Kira Sunana

Akwai wani labari da kuke bayarwa a kan kakanku wanda nake so in gyara tun da sauran ƙarfina. Na ji shi a bakin Bilkisu ranar sunan ɗanta, tana gaya wa dangin mijinta cewa kakanta wayayyen Bafulatani ne, ya shiga ajin firamare da sandarsa ya koyar da yara, har ya kira sunan ɗansa na fari a gaban jama'a bai ji komai ba. Ina daga zaure ina jiyo ta. Rabin maganar gaskiya ce. Ya shiga ajin, ya kuma kira sunan. Amma "bai ji komai ba" ɗin nan ban san wanda ya ƙara muku shi ba, don ni nake tsaye a gefensa da alli a hannuna.

Sai na fara gaya muku yadda muke da shi, don ku da kuka taso kuna hawa cinyata kuna ja mini gemu ba za ku gane ba. Ni ne ɗan fari a wurin Baffa da Dada, kuma a wurinmu alkunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Hausawa ma suna yi, amma tasu ta fi ƙarfi a wajen uwa, mu kuwa har uban ba a bar shi a baya ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Dije, yayar Baffa, wadda take auren wani tela a Babura. Ita ta raine ni, mijinta ya sa ni boko. In na je ruga hutu, Baffa ba ya haɗa ido da ni, ba ya cin abinci inda nake zaune. In yana son igiya sai ya dubi ƙanena ya ce a gaya wa na wajen Goggo ya kawo igiya, alhali ga ni tsaye har inuwata tana taɓa ƙafarsa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don kowane uba na kirki a rugarmu haka yake yi. Na kuma san ya sayar da bijimi lokacin da zan tafi kwalejin horon malamai, a bakin Goggo na ji, shi bai taɓa faɗa ba. Sai dai a kwalejin na zauna da 'ya'yan ma'aikata daga Kano da Kazaure. Ranar ziyara na ga uba ya dafa kafaɗar ɗansa a tsakiyar fili yana kwaɗa masa kira da sunansa, ko kunya babu. Na yi musu dariya a baki, amma abin ya shige ni. Tun daga nan nake son in ji yadda sunana yake a bakin Baffa, ko da sau ɗaya ne.

Shekarar da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowa, lokacin kuɗin mai yana ta zuba, aka kwashe mu da ɗanyen kai aka watsa ƙauyuka. Ni aka jefa ni wani ƙauye tsakanin Babura da Kanya Babba. Ajin sabo ne ful, kwanonsa yana ƙyalli, amma yara sun fi ƙarfin benci, littafi kuma ɗaya ne, na malami. Aka ba ni 'yan aji uku da darasin zaman jama'a, wanda muke kira soshiyal. Wanda ya rubuta littafin nan ban san inda yake zaune ba, amma tabbas bai taɓa zuwa wajenmu ba. Ina karanta musu labarin ɗan sanda mai ba da hannu a mahaɗar titi da motar kashe gobara, su kuwa motar da suka sani ita ce gingimarin da ke wucewa Nijar ranar kasuwa. Rabinsu suna gyangyaɗi, rabi suna leƙen taga. Iyayen da dama ba su so bokon ba suka fara janye su zuwa gona, ni ma da ni ne uban da na janye.

Sai na rufe littafin na fitar da su waje. Muka zana taswirar garin a ƙasa da toka, dutse ya zama masallaci, ɓawon gyaɗa ya zama rijiya, kowa ya zo ya nuna ƙofar gidansu. Ranar har faɗa aka yi, don wani yaro ya ce an sa gidansu a bayan bola. Muka ci kasuwa a gindin darbejiya da tsingaro a madadin kuɗi, da dillali da mai awo da sarkin kasuwa. Wanda ya fi duka karɓuwa shi ne baƙon Alhamis. Kowace Alhamis sai in gayyato mai sana'a ɗaya ya zauna a kan kujerata, yara su yi masa tambayoyi. Maƙeri ya zo da zugazuginsa, wanzami ya zo da zabirarsa, ungozoma ta zo ta nuna rabin ajin da yatsa ta ce ita ta yanke musu cibi. Wani falke ya kawo takardar sefa, kuɗin Nijar, aka zagaya da ita hannu hannu, yara suna shinshinawa. Don kada su yi ta ihu babu tsari, sai na shirya musu tambayoyin kamar waƙa, suna rerawa baki ɗaya. Mene ne sunanka, Baba? Mece ce sana'arka? Wa ya koya maka? Da me kake yin ta? Ta ƙarshe kuma, su wa ka haifa, daga babba zuwa ƙarami? Wannan na sa ta ne don su ga yadda sana'a take bin gida. Na kuma kafa doka cewa duk amsar da baƙo ya bayar, aji zai maimaita ta da ƙarfi, da tafi, don ta zauna a kai. Abin ya yi kyau ƙwarai. Yaran da aka janye suka dawo, manya suka fara tsayawa a taga suna saurare, hedimasta yana cewa a zo a ga ajin Malam Sule. Kaina ya yi girma, ba na musu.

Bayan girbi, dagacin garin ya nemi Fulani su sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, kamar yadda ake yi kowace shekara. Allah da ikonsa, rugar Baffa ce ta amsa. Daga ƙofar ajina ina hango fararen shanunmu. Na riga na kawo maƙeri da wanzami, saura makiyayi, ga makiyayi kuma Allah ya kawo har ƙofa. Ba ni da bakin da zan tunkare shi, don haka ranar kasuwa na hau keke na tafi Babura wurin Goggo. Na same ta tana dama fura. Ta saurare ni har na gama ba ta daina damu ba.

"Kai, Sule. Duk Fulanin da ke dajin nan ba ka ga kowa ba sai shi?"

"Goggo, wa ya fi shi sanin shanu?"

"Shanu kake so a sani, ko kai kake so a gani?"

Na ce aikin gwamnati ne kawai. Ta dube ni ta gefen ido ta ce gwamnati ba ta san Baffa ba, shi ma bai san ta ba, amma za ta faɗa masa, in ya ƙi kada in ga laifinta. Da ta faɗa masa, in ji ta, bai ce e ba bai ce a'a ba. Ya dai tambaya ko yaran na wajen Goggo ne suke buƙata, ta ce su ne, sai ya tashi ya tafi wurin maruƙa.

Ranar Alhamis da safe ina tafiya makaranta ina rera tambayoyin a zuci, sai na iso ta ƙarshe. Na tsaya cak a kan hanya. Na san abin da ke cikinta sarai, ni ba baƙo ba ne a ruga. Ba abin da zai ci mini in shiga aji in ce yau ban da ta ƙarshe, yaran nan in na ce su tsaya da ƙafa ɗaya za su tsaya. Na ce a raina ai wataƙila ma ba zai zo ba. Na shiga aji na share allo, ban ce musu komai ba.

Ya zo da hantsi. Malafa a ka, sanda a kafaɗa, ya sa rigarsa ta zuwa suna, wadda ba ya sawa sai da dalili. A bayansa farar saniya tana biye da shi babu igiya, a bayanta kuma taubashinsa Buba da wasu samarin ruga da suka biyo don kallo. Buba abokin wasansa ne, mai baki kamar reza, duk abin da ya gani da safe kafin la'asar ya kai Babura. Mutanen gari suka cika tagogi. Baffa ya yi sallama bai dubi inda nake ba. Na miƙa kujerata, ya ƙi hawa, ya tsuguna a gaban allo ya jingina sandarsa da gwiwa. Ban gaya wa yaran ko wane ne shi a wurina ba, amma ƙauye ne, babu wanda bai sani ba.

Wallahi ban taɓa ganin darasi kamar na ranar nan ba. Mutumin da na sani da shiru sai ga shi yana magana. Suka rera ta farko ya faɗi sunansa, suka maimaita da tafi, ya ɗan razana, sannan ya yi murmushi. Ya gaya musu yadda ake gane saniya ba ta da lafiya tun daga yadda take tsayuwa, da yadda ake sanin inda ruwa yake a rani, da dalilin da ya sa makiyayi da manomi suke buƙatar juna, ɗaya da kara ɗaya da taki. Abin da na yi mako guda ina ƙoƙarin cusa musu ya faɗa shi a numfashi biyu. Ya ce kowace saniya a garkensa tana da suna kuma ta san sunanta. Yara suka ce ba su yarda ba. Ya juya wajen ƙofa ya yi wani kira a hankali, sai ga farar saniyar nan ta cuso kai cikin aji. Ihu ya tashi, wata yarinya ta haye benci. Ina tsaye a gefe ina jin daɗi kamar ni na haife shi.

Daga nan Hansai, wadda take ba da waƙa, ta ɗaga murya, aji ya amsa.

"Su wa ka haifa, Baba, daga babba zuwa ƙarami?"

Na ga bayan wuyansa ya sandare. Sai ya yi dabara irin ta manya. Ya fara daga ƙanena, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har autarmu, yara suna maimaitawa suna tafi. Ya kai hannu ga sandarsa zai tashi. Da a nan aka tsaya da kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Amma Hansai yarinya ce mai bin doka, ni kuma na koya mata.

"Baba, Malam ya ce daga babba ake farawa. Ai an ce Malam ɗanka ne."

Baffa ya dubi ƙasa. A wannan lokacin kalma biyu ce ake buƙata daga bakina, ku zauna, shi ke nan. Ni ne malami, ni ne mai ajin. Na ji kalmomin a kan harshena, amma na riƙe su, don ina son in ji abin da zai ce. Ina cikin wannan tsayuwar sai wani yaro daga baya ya yi raɗa irin ta yara, wadda ake ji har waje.

"To, in ba shi ya haife shi ba, Malam ɗan wa ne?"

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Wani daga cikin na taga ma ya yi gyaran murya. Kun san inda irin wannan magana take dosa, kuma kun san in ta kama malami a ƙauye ba ta sakinsa. Baffa ya ji. A karo na farko a rayuwata ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, gajere. Sannan ya jawo malafarsa ta rufe masa fuska har hanci. Muryar da ta fito daga ƙarƙashinta ba irin wadda ya yi darasi da ita ba ce.

"Babban shi ne Sulaimanu."

Na ji shi. Abin da na daɗe ina nema ke nan, amma ko daɗinsa ban ɗanɗana ba, don kafin ya rufe baki yaran sun bi doka. Aji guda ya ɗauka, "Sulaimanu!" da tafi raf raf raf, suka sake, suka kuma sakewa, kwanon rufin yana amsawa. Abin da ya faɗa a ƙarƙashin malafa don ya rufa mini asiri, sai da aka ji shi har gonar dagaci inda Dada take tatsa. Na hango Buba a taga ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya tashi, hedimasta ya miƙa masa goro bai gani ba, ya fita saniyar ta bi shi. Ya kamata in yi masa rakiya, amma ban bi shi ba. Na juya ga allo na yi ta rubutu, har yau ban san abin da na rubuta ba.

Bayan kwana kaɗan aka wayi gari babu shanu a gonar dagaci. Sun tashi tun karan bai kai rabi ba, suka nufi wajen duwatsun Roni. Dagaci ya aiko yana tambaya ko wani ya ɓata musu rai, don ya yi asarar taki. Sauran labarin a bakin Goggo na riƙa jin sa, kuma ba ta rage mini komai ba. Buba ya kai maganar kowace ruga. Duk inda Baffa ya sauka sai abokan wasa su tare shi da "Sannu, uban Sulaimanu," wasu har da tafi. Wasa ne, kuma ba a fushi da taubashi, don haka ba shi da halin ramawa ko nuna ɓacin rai, sai dai ya haɗiye. Dattawa ba su yi wasa ba, su cewa suka yi boko ya shiga gidansa ya cinye masa kunya, ya zama Kaɗo, wato Bahaushe. Mutumin da ake kira in za a raba gardama a ruga sai ya koma zama a bayan taro. Ya daina zuwa kasuwar Babura, inda yake da gindin bishiyarsa tun kafin a haife ni, ƙanena yake aikowa. Dada kuwa ta ce kada in je gaishe ta tukuna, ba don fushi ba, don ba ta san inda za ta sa idonta ba.

"Ka ji daɗi yanzu?" in ji Goggo. "Mutum ya shekara hamsin yana ɗinka rigarsa, ka sa yara sun tuɓe masa ita a tsakiyar kasuwa."

"Goggo, ba ni na tambaya ba, yara ne."

"Yaran wa?"

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne a wajen aiki yabo na samu. Hedimasta ya ba mai duba makarantu labari, aka kira ni Kazaure in nuna wa sababbin malamai yadda ake koyar da soshiyal da mutanen gari. Na tsaya a gabansu na yi bayanin taswirar toka da kasuwar tsingaro da baƙon Alhamis, suna rubutawa. Wani ya ce ya ji har mahaifina na kawo, in ba su labari. Na ce lokaci ya ƙure. Tambayar ƙarshe kuwa na cire ta daga waƙar tun a makon, na kuma daina sa yara maimaita amsar baƙo sai shi ya yarda. Yaran suka yi ta tambayata dalili. Na koya musu sana'ar kowa da hanyar kowace kasuwa, amma abin da ba a tambayar babba a gaban mutane ban koya musu ba, shi kuwa ai shi ne zaman jama'ar.

Na so in ba shi haƙuri, to amma ta ina? Ba na iya zama in yi masa magana, kuma ba da haƙuri yana nufin a sake tayar da maganar a gabansa. Na sayi gishirin shanu da turmin yadi na ba Goggo ta kai. Ta ce ya karɓa. Haka rani ya wuce ban sa shi a ido ba.

Da damina ta faɗi suka dawo kusa. Wata Asabar na je Babura na tarar Goggo ta dawo daga ruga, ƙafafunta duk laka. Ta zuba mini nono da fura a ƙwarya, ta zauna tana kallona ina sha, ba ta fara faɗan da ta saba ba. Na tambaye ta lafiyar mutanen gida, ta ce kowa lafiya. Na tambaya ko ya fara zuwa kasuwa, ta ce bai fara ba, har yanzu Buba bai gaji ba. Sannan ta gyara zama.

"Ya ba ni saƙo. Ba ni na tambaye shi ba, shi ya biyo ni har bakin hanya, inda ba kowa."

Na ajiye ludayin. Na shirya jin cewa kada in ƙara taka rugarsa, kuma da haka ya ce da na ji sauƙi.

"Ya ce in tambayi na wajen Goggo, yaran nan sun gane karatun kuwa? Ya ce ya tashi da wuri ranar, bai gama gaya musu yadda ake shayar da maraƙi ba. In ana buƙata, a faɗa masa Alhamis ɗin, zai zo."

Ban iya ƙarasa furar ba. Na ce wa Goggo ta gaya masa sun gane, sun gane duka, babu saura.